Gayyar na'urori

Ƙirƙirarriyar basira wata dabara ce da ke sa kwamfuta ta amsa tambaya, ta yi rubutu, ta fassara magana. Kafin ta iya haka, sai an koya mata. Ana ba ta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta yi ta lissafi a kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: na'ura guda ba ta iya wannan aiki. Saboda haka ana tara na'urori dubbai cikin babban gini, su yi gayya. Sunan ginin cibiyar bayanai.

A shekarar 2024, a Amurka, kamfanin Meta, mai Facebook, ya koyar da wata basira mai suna Llama 3. Ya haɗa na'urorin lissafi 16,000, waɗanda kamfanin Nvidia ya ƙera.

Ga yadda gayyar take. Kowace na'ura tana ɗaukar kasonta, ta yi lissafi. In ta gama, sai ta aika wa sauran amsarta, ta karɓi tasu. Sai an haɗa amsoshi duka, sannan a ci gaba. In amsar na'ura ɗaya ta makara, sauran duk sai su tsaya jira. Suna jira, suna cin lantarki, aiki bai ci gaba ba. Don haka hanyar saƙo tana da muhimmanci kamar na'urorin kansu.

Na'urorin da ke dab da juna, wayar jan ƙarfe ke haɗa su. Amma jan ƙarfe ba ya kai saƙo mai sauri nesa, sai ƴan metir kaɗan. In da nisa, sai zaren gilashi. Kaurinsa kamar na gashin kai ne. Haske ke tafiya cikinsa, yana kunnuwa yana mutuwa, yana ɗauke da lambobi 0 da 1. Yana cin kilometir wajen 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Wani masani, Charles Kao, shi ya nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya wannan aiki. An ba shi kyautar Nobel a 2009.

A cibiyar Meta, kowace na'ura tana da hanyar da ke ɗaukar lambobi miliyar 400 a daƙiƙa. Zaruruwan suna haɗuwa cikin wasu akwatuna masu rarraba saƙo, kamar mararrabar hanyoyi.

Duk da haka akan samu cikas. Cikin kwana 54, aikin Llama 3 ya tsaya sau 419 ba zato. Yawanci na'urori ne suka lalace, wani lokaci kuma waya ko akwatin rarrabawa. Ma'aikata kullum suna sa ido, domin zare ɗaya na iya tsayar da gayya duka.

Ma'anar kalmomi
Daƙiƙa: kashi ɗaya cikin 60 na minti.
Miliyar: miliyon dubu.
Kaso: rabon aiki.

Tambayoyi
1. Don me ake tara na'urori wuri ɗaya?
2. Me ke faruwa in amsa ɗaya ta makara?
3. Ina ake sa jan ƙarfe, ina ake sa gilashi?

Lissafi
Na'ura ɗaya tana cin wat 700. Wat nawa na'urori 16,000 ke ci?