Littattafan babban hutu

A ƙarshen watan Yuni ake rufe makarantu, ba a komawa sai Oktoba. A Damargu hutun yana gamuwa da damina, yara suna taya iyayensu noman hatsi. Wanda ya yi wata 3 bai buɗe littafi ba, karatu yakan kuɓuce masa.

Wata ɗaliba ƴar aji shida a Tanut ta yi dabara. Littattafai ba su da yawa a gari, Damagaram kuma da nisa. Sai ta ɗauki kaye tun kafin hutu, ta rubuta littattafai uku da sunan wanda zai ara mata kowane.

Yuli: Ruwan Bagaja, na Abubakar Imam, 1934. Gajere ne, ga ban dariya, shi ya sa ta fara da shi.

Agusta: Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934. Labarin yaro ne da aka sace, daga baya aka ƙetare hamada da shi. A da, ayarin Kano zuwa Agadas ta Damargu yake bi.

Satumba: L'Enfant noir, na Camara Laye, mutumin Gine, 1953. Da faransanci yake, ya fi wuya. Ta bar shi sai noma ya ragu.

Kullum bayan la'asar takan yi karatu. In ta gamu da baƙuwar kalma, ta rubuta a kaye don ta tambayi malam.

Tambayoyi
1. Don me ta rubuta sunan mai ara mata?
2. Wane littafi ta bari ƙarshe? Don me?
3. Kowa ya rubuta nasa littattafai uku.