Darasin Kimiyya: Maganin Ciyawa da Itatuwan Gona

Ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa da faɗuwar damina zai ga manoman masara goye da injin feshi. Haka abin yake a Kiru da Bebeji. Maganin ciyawa ya rage wahalar noma, babu musu. Darasinmu na yau shi ne abin da yake yi wa ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da ke tsaye a gonakin nan.

Magungunan ba aiki ɗaya suke yi ba. Paraquat yana ƙona ganyen da ya taɓa ne kawai, cikin kwana ɗaya ko biyu. Glyphosate, wanda kamfanin Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup, yana shiga ta ɗanyen ganye ya gangara har saiwa, ya hana shuka haɗa sinadaran da take gina jikinta da su. Atrazine kuwa a ƙasa yake zama, saiwa ta sha shi tare da ruwa, ya toshe hanyar da ganye yake sarrafa hasken rana ya zama abinci, sai ka ga ganyen ya yi rawaya daga gefe. Shi 2,4-D yana kwaikwayon sinadarin girma ne. Yana ƙyale masara da shinkafa, amma shuka mai faffaɗan ganye sai ta nannaɗe, reshenta ya murɗe. Itatuwanmu kuma masu faffaɗan ganye ne.

Babbar bishiya mai kaurin ɓawo takan jure, sai dai in an feshe tohon da ke gindinta ko iska ta kai feshin ga ganyenta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan. Mai noma da fartanya yana ganin 'yar ɗorawa ya kauce mata, har ya kafa mata sanda. Mai feshi yana tafe yana kaɗa hannu, ba ya tantancewa. Ga shi kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, don haka wadda ta mutu bana, sai yaran yanzu sun girma za a ji rashinta.

Kariyar ba ta da tsada. A yi feshi da sassafe kafin iska ta taso, a kifa wa ƙaramar bishiya bokiti, a nome gindin manya da hannu, kuma kada a wanke injin a ƙarƙashin inuwa.

Aikin gida: kowa ya zaga gonarsu ya ƙirga itatuwan da suka fi shi tsawo da waɗanda ba su kai gwiwarsa ba, ya kawo mana lissafin ranar Litinin.