Gyaran Rubutu ko Gyaran Baki? Karin Harshe a Kundin Waƙoƙin Haɗin Gwiwa a Maraɗi

Gabatarwa

Tattara waƙoƙin marubuta da yawa cikin littafi guda ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Tun a 1957 hukumar NORLA ta Zariya ta fitar da Waƙoƙin Hausa, inda aka haɗa irin su Na'ibi Wali da Aliyu Ɗansidi, sannan a 1979 Ɗandatti Abdulƙadir ya fito da Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da Na Yanzu. A Nijar kuwa, tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, buƙatar irin waɗannan littattafai ta ƙaru. Sai dai duk ƙungiyar da ta yi niyyar haɗa kundi a Maraɗi za ta ci karo da tambayar da ɗalibin kimiyyar harshe ya fi kowa cancantar amsa ta: idan waƙoƙi suka zo daga bakuna daban-daban, me mai tacewa zai gyara, me kuma zai bari?

Dalilin da ya sa tambayar ta fi zafi a Maraɗi

Tarihi ne ya tara karuruwa biyu a kwari guda. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe suka kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar birnin take amsa sunan Sarkin Katsina. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Saboda haka kundin da ya gayyaci marubucin birni, da na Tibiri, da manomin rani na Jiratawa, ya gayyaci Katsinanci da Gobiranci tare. Ga kuma bambancin makaranta: wani ya koyi riƙon alƙalami a allo, zai kawo waƙarsa da ajami; wani da Faransanci ya fara, zai rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci; wani kuwa littattafan Kano ya sha karantawa, daidaitacciyar Hausa ce a hannunsa.

Abin da ya halatta a daidaita

Kashi na farko shi ne abin da ya shafi ido kaɗai, bai taɓa kunne ba. Wanda ya rubuta goulbi ko Djiratawa ko tchiki, abin da yake furtawa shi ne gulbi da Jiratawa da ciki, don haka mayar da su bisa ƙa'ida bai rage wa waƙa komai ba. Haka nan raba kalmomi da haɗa su, da maido da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin na'urar da ta mayar da ƙafa ta zama kafa, ko ɓata ta zama bata, ta sauya ma'ana ɗungurungum. Akwai madogara a nan: taron UNESCO na Bamako a 1966, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980, da dokar ma'aikatar ilimi ta Nijar ta 1999. Abu guda da ya kamata a yanke tun farko shi ne ko za a bi ƴ ta Nijar ko 'y ta Nijeriya, a kuma tsaya a kan guda daga bango zuwa bango.

Abin da bai kamata a taɓa ba

Kashi na biyu shi ne abin da kunne yake ji. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, kamar yadda M. K. M. Galadanci ya nuna a nazarinsa na 1975 kan dangantakarta da arulin Larabci. Gaɓa mai baƙi da gajeren wasali marar nauyi ce. Wadda take da dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe, mai nauyi ce. To a nan ne karin harshe yake shiga cikin ginin waƙa.

Bagobiri yana cewa sunka, munka, anka, a inda daidaitacciyar Hausa take cewa suka, muka, aka. A ɗauki jerin da sunka zo. Gaɓoɓinsa huɗu ne, suna tafiya marar nauyi, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Idan mai tacewa ya mayar da shi da suka zo, gaɓoɓi marasa nauyi uku sun jeru, kuma duk mai rerawa zai yi tuntuɓe a wurin. Haka yat tahi yake idan aka mayar da shi ya tafi: gaɓar farko ta rasa nauyinta. Wanda zai ga littafin daga baya ba zai san hannun wani ya shiga ba, sai ya ɗora wa mawaƙin laifin karya ma'auni.

Amsa-amo ma haka. Marubucin da ya gina waƙarsa a kan hi, ya jera tahi da ruhi, an rushe masa gini ranar da aka rubuta tafi. Wanda ya rufe ɗango da na ko ta na Gobiranci, domin su amsa wa kwana ko mata, ba a yi masa adalci ba idan aka sa ne ko ce. Gaskiya ne akwai sauyin da ba ya taɓa nauyi, kamar zamna da zauna, ko hwari da fari. Amma ko a nan barin asali ya fi, domin kundin da ya haɗa waɗannan bakuna taska ce ga mai nazarin karin harshe, kuma abin da aka goge a bugu da wuya ya dawo.

Matakan aiki

Na farko, a nemi kowane marubuci ya rera waƙarsa, a naɗe da waya. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka murya ce shaidar da ake komawa gare ta idan an yi saɓani. Na biyu, waƙar da ta zo da ajami a ajiye hotonta kafin a juya ta, tun da ajami yakan nuna dogon wasalin da boko yake ɓoyewa. Na uku, a sa ƙaramin ƙamus a ƙarshen littafi maimakon a canja kalma. Mushe a bakin ɗan lakwal na Maraɗi malamin makaranta ne, alhali Bakano dabbar da ta mutu ba yanka zai fahimta. Jika kuma a kasuwar Maraɗi sefa 1000 ce. Layi guda na bayani ya wadatar.

Na huɗu, kada ƙarancin shafi ya sa a datse baitocin ƙarshe. A nan ne mawaƙi ya saba saka sunansa da garinsa, wani lokaci har da ramzin shekara, kuma yanke su daidai yake da cire sa hannu daga takardar gona. Na biyar, a karɓi izinin kowa a rubuce, a fayyace yadda za a raba kuɗin bugu da abin da aka samu, sannan a tuntuɓi hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA. Na ƙarshe, idan an tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya an kai aikin maɗaba'ar Katsina ko Kano, a gargaɗi mai buga rubutun cewa sunka da tahi ba kurakurai ba ne, kuma kowane marubuci ya duba shafinsa kafin a buga.

Kammalawa

Ma'aunin da mai tacewa zai riƙe mai sauƙi ne: ya karanta ɗango da ƙarfi kafin gyara da bayan gyara. Idan sautin bai sauya ba, rubutu ya gyara, kuma aikinsa ke nan. Idan ya sauya, to ya shiga bakin mawaƙi, sai ya janye hannunsa ko ya koma ya nemi izini. Ɗaliban da suka san gaɓa da karin harshe su ne suka fi dacewa da wannan kujera, kuma gabatarwar kundin ita ce wurin da za su bayyana wa mai karatu dokokin da suka bi, domin na Kano da na Damagaram su san cewa abin da ke gabansu Hausar Maraɗi da Tibiri ce yadda masu ita suka rera ta.