Kafin Ka Miƙa wa Direba Makulli

Ɗana, zauna ka huta, ka bar sifanar nan tukuna, domin maganar da nake so mu yi ba ta son gaggawa. Na ga murnar da kuka yi da injin ya tashi a tsohuwar Rokar nan, kuma kun cancanci yabo, Allah ya yi albarka. Sai dai tashin inji rabin aiki ne. Sauran rabin yana ƙarƙashin ƙafar direba ta hagu, inda mai mota ba ya leƙawa ranar da zai biya kuɗi.

Waɗannan motoci na Marsandi 911 sun girme ka nesa. Wasu daga Jamus aka kawo su, wasu kuma a kamfanin ANAMMCO na Inugu aka haɗa su tun farkon shekarun 1980, kuma har yau su ne ke ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa Shuwarin da Gujungu da Maigatari. Idan tsohon injinsu, irin OM352, ya gaji, sai mai mota ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wani, wani lokaci irinsa, wani lokaci ƙanensa OM366. Ko da ramukan noti sun dace, ɗana, kada ka ɗauka komai ya dace, saboda idan kujerar inji ta gusa ko da faɗin yatsa ne, sandar da ke tura cokalin kuloci ta bar miƙaƙƙen layinta, kuma sandar da ke turi a karkace cin bushinta take yi a hankali har ranar da za ta kuɓuce.

Saboda haka kafin ka ɗaura giyabos, ka zura filet ɗin kuloci a kan shaf ɗinsa da hannunka ka ji ko haƙoran sun shiga lafiya, ka duba ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar filawil ko ya yi daidai da bakin shaf ɗin. Wannan duban bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba, amma wanda ya tsallake shi zai sake sauke giyabos da rana tsaka a kan yashin Yalwawa.

Abin da ya fi damuna da ku yaran yanzu shi ne saurin kiran mai walda. Sanda ta gaza, a ƙara mata guntun rodi. Ta yi tsawo, a yanke a liƙa. Ban hana walda ba, domin kayan waɗannan motoci sun yi wuya, wani abin dole sai an ƙera shi. Amma ka auna tukuna, ka sake aunawa, ka bar wa sandar zarenta na gyara, domin filet yana cinyewa, kuma wanda zai zo bayanka yana bukatar wurin da zai saki noti ko ya ɗaure. Idan kuma mastan kuloci na sama da na ƙasa ba 'yan gida ɗaya ba ne, feda za ta yi tauri ta kashe wa direba gwiwa, ko ta yi laushi giya ta ƙi shiga. Man birki za ka zuba, ban da baƙin mai, domin yana kumbura roba. Ka nisanta bututun man daga salansa, ka fitar da iska da haƙuri har kumfa ta ƙare.

Sai kuma wasan feda. Ka bar mata kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta fara ɗaukar nauyi. Idan babu wasa, boris ɗin da cokali ke turawa zai yi ta juyawa har ya ƙone, kuloci ya riƙa sulɓewa da zarar an yi lodi. Idan wasan ya yi yawa, za ka ji ribas tana kuka. Ka tuna direban da zai tsaya da buhu ɗari a wurin hawa, da yaran mota a saman kaya, shi bai san abin da ka ɗaura ba, ya dai amince da kai ne.

Gobe in Allah ya kai mu, kada ka ba da makulli sai an ɗora mata kaya, ka shiga gaba kusa da direba ku zaga har Kiyawa ku dawo, kana sauraron kowace giya. Idan akwai abin da ka ƙera da hannunka, ka nuna wa mai motar shi, ka gaya masa yaushe zai dawo a duba. Yanzu tashi ka wanke hannu, an kusa kiran magariba.