Darasi: Yadda Ake Hawan Dutse a Gandun Dajin Gashaka-Gumti

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi ƙungiyoyi sukan shirya ziyara domin su ga ƙasa. Darasinmu na wannan wata a kan hawan dutse ne. Wanda ya saba yini yana huɗa yakan zaci hawan dutse wasa ne, amma ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum bisa, sai an gama da dabara.

Wurin da za mu duba

An kafa Gandun Dajin Gashaka-Gumti a 1991. Yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, shi ne kuwa mafi girma cikin gandun dajin tarayya a Nijeriya. Kudancinsa duwatsu ne da kwazazzabai. A can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, mita 2,419, watau wajen ƙafa 7,900. Hawansa aikin kwanaki ne, ba na ɗan koyo ba. Mai farawa sai ya nemi hawa matsakaici, kamar tudun da ke kusa da ƙauyen Gashaka, inda akwai kangon sansanin da Jamusawa suka gina kafin 1918.

Kafin a tashi

1. A tafi da rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina duwatsu suna da santsi, rafuffuka kuma a cike suke.
2. A fara zuwa ofishin gandun a Serti, a karɓi izini da ɗan jagora. Kada kowa ya shiga shi kaɗai.
3. A sa takalmi mai rufi wanda ƙafa ta saba da shi. Silifa da sabon takalmi su zauna a gida.
4. Kowa ya riƙi sanda, da hula, da ruwa aƙalla lita 2, da ɗan guzuri kamar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli.

Lissafin lokaci

A 1892 wani mai hawan duwatsu, mutumin Sikotilan, William Naismith, ya kawo lissafi mai sauƙi. A ba kowace mil 3 awa 1, sa'an nan a ƙara awa 1 a kan kowace ƙafa 2,000 ta hawa. Misali, hanya mai mil 3 wadda ta hau ƙafa 1,000 za ta ci awa ɗaya da rabi. Wannan ban da hutu. Idan akwai dattawa ko yara, sai a ƙara. A tashi da asuba domin a sauko kafin rana ta take.

Kan hanya

Sannu ba ta hana zuwa. A yi gajeren taku, a ɗora tafin ƙafa duka bisa dutse. Ga ma'auni: idan ba ka iya magana da na kusa da kai saboda haki, saurinka ya yi yawa. A sa marar sauri kusa da ɗan jagora, mai ƙarfi kuwa ya bi baya. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba a ji ƙishi ba. Wanda ya tunkuɗo dutse ya yi ihu nan da nan domin na ƙasa su kauce.

Kada a sa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, gama nan macizai suke fakewa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa.

Saukowa ta fi hawa hatsari, domin ƙafa ta riga ta gaji. A ɗan lanƙwasa gwiwa, sanda tana gaba, ban da gudu.

Abin da manomi zai lura

In kun kai bisa, ku dubi gangaren. Inda itatuwa da ciyawa suka rufe, ƙasa tana nan baƙa, ruwan rafi kuma garau. Saiwoyi ne suke riƙe ƙasa, su bar ruwan sama ya nutse a hankali. Rafuffukan nan su ne suke zuba cikin Kogin Taraba, shi kuma ya shiga Binuwai. Shi ya sa aka hana farauta da saran itace da sa wuta a gandun ba da izini ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Hanya mai mil 6 da hawan ƙafa 2,000 za ta ci awa nawa?
2. Wa ya kamata ya bi bayan ɗan jagora, don me?
3. Wane gangare ne a garinku ruwa yake zaizayewa, me ƙungiyarku za ta yi kafin damina ta faɗi?