Ƙayar da ta soki mai ciwon sukari

'Yan uwana na Furfuri, da ku ƙannena da 'ya'yana da ke noma daga Bungudu har Tsafe, ku ara mini kunnuwanku. Mu nan ƙaya ba abin kai ƙara ba ce. Ta soke ka a gona, ka cire, ka ci gaba da huɗa, kafin mako ya zagayo wurin ya haɗe. Amma wanda likita ya tabbatar masa da ciwon sukari, don Allah ya daina auna ƙafarsa da ta maƙwabcinsa. Jikinsa ba ya rufe ciwo yadda ya saba, kuma akwai dalili.

Idan fata ta tsage, cikin 'yan sa'o'i wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil suke cika wurin, suna kashe ƙwayoyin cuta. Masu kiransu wasu sinadarai ne da jiki ke sarrafawa daga maiƙon da ke bangon ƙwayoyin halittarsa, irin su lukotirin. Kumburi da zafi da jan da kake gani aikinsu ne, kuma alheri ne. Bayan 'yan kwanaki sai jiki ya sauya saƙo. Daga maiƙo dai yake fitar da wasu sinadaran masu cewa a dakata, faɗa ya ƙare. Nan ne manyan ƙwayoyin da ake kira makurofaj suke haɗiye matattun nutirofil, su share wurin, su koma jawo sabbin hanyoyin jini da sabon nama. Kamar sassabe ne: ana cinna wuta don a gyara gona, amma sai ta mutu ake shuka.

An daɗe ana zaton kumburi lafawa kawai yake yi da kansa. A 1984 Charles Serhan da Bengt Samuelsson suka gano sinadarin lifoksin, ɗaya daga cikin masu cewa a dakata, a ƙasar Suwidin, daga baya Serhan a Jami'ar Harvard ta Amurka ya gano rizolbin, wanda jiki ke yi daga irin man da ke cikin kifi. Sai aka fahimci cewa kashe kumburi ma aiki ne da jiki ke yi da gangan.

To, a jikin mai sukari wannan umarni na dakatawa ne yake makara. Makurofaj suna tsayawa cikin halin faɗa, ba sa kwashe matattun ƙwayoyi yadda ya kamata, sabon naman da ya fara tohowa sai ya narke. Haka ɗan ƙwarzane ke zama gyambo, bakinsa ya yi tauri, tsakiyarsa na tsatsar ruwa wata da watanni. Ga jijiyoyin jinin ƙafa sun tsuke, ga ƙafar ta daina jin zafi, har mutum ya wuni da ƙusa a takalmin robarsa bai sani ba, sai da daddare a ga jini.

An gwada rizolbin a kan ɓeraye masu sukari, ciwonsu ya rufe da sauri. Abin farin ciki ne, amma bai zama maganin da za ka saya a kemis ba tukuna. Kada mai talla a kasuwa ya sayar maka da ƙwayar man kifi da sunan tana warkar da gyambo. Ka ci kifinka a matsayin abinci, ka riƙe maganin sukarinka, domin saukar sukari a jini ne yake ba waɗannan ƙwayoyi damar yin aikinsu.

Allah ya hore mana alwala sau biyar a rana. Duk lokacin da ka wanke ƙafa, ka duba tafinta da tsakanin yatsu, ka goge su bushe. Ka zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka fita ba takalmi ko da zuwa masallacin ƙofar gida ne. Da hunturu kada ka miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, tana iya ƙonewa ba ka ji ba. Kaushi a shafa masa man kaɗanya, kada a kankare shi da reza. Toka, ruwan batir da gashi da tafasasshen ruwa kuwa, ku raba su da ƙafar mai sukari.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti: tsoron a ce za a yanke. Tsoron nan yana ba ni tausayi, domin shi ne yake sa a ɓoye ciwo a cikin tsumma har ya yi wari ya kai ƙashi, a lokacin da likita ba shi da sauran zaɓi. Wanda ya je da wuri, wanki ake yi masa, a cire mataccen nama, a ba shi magani, a hana shi taka wurin. Daga Furfuri Gusau ba nisa, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In ka ga ciwo yau, gobe ta same ka a can.

Ku kuma samari, sukari yana rage gani, tsoho ba ya iya lanƙwasawa ya ga tafin ƙafarsa. Ku durƙusa ku duba wa Baba da Inna kowace yamma, da tocila in haske ya yi ƙasa.