Me Ya Sa Birkin Hannu Yake Daina Riƙe Mota?

'Yan uwana ɗalibai, sau da yawa muna ganin direba ya tsaya a gangara, yaron mota ya yi maza ya sa dutse a bayan taya. Wannan alama ce birkin hannu ya daina kamawa. Irin wannan mota tana iya gangarowa ta take yaran da ke wasa a bayanta.

Birkin ƙafa da mai yake aiki. Shi kuwa na hannu, wayar ƙarfe ce ta taso daga sandar da direba yake ja har zuwa tayoyin baya. Yakan lalace idan:

1. wayar ta saki saboda daɗewa;
2. fatar birkin baya ta cinye;
3. tsatsa ta kama wayar;
4. mai ya zuba a kan fatar, tana santsi.

Idan an ja sandar ta tashi can sama ba tauri, to wayar ta saki ko fatar ta cinye. Bakanike zai tokare tayoyin gaba, ya ɗaga baya da jak, ya sa ƙarfen tallafi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Fatar zai fara dubawa, ya canza ta in ta cinye, sannan ya ɗaure notin da ke jan wayar.

Daga ƙarshe sai gwaji. In an ja birkin, kada tayar ta juya da hannu. In an sake shi, ta juya ba cijewa.

Mu tuna wa iyayenmu da yayyenmu direbobi cewa dutse ba gyara ba ne.